Kishiyar Ƙarfe: Ina Iyakar "Nawa" da "Namu" a Gidan Aure?

Akwai wani kuka da matan aure ba su cika kai shi gaban Fada ko dattawan ikilisiya ba, domin suna jin nauyin a ce sun kai ƙarar ƙarfe. Maigida ba mashayi ba ne, ba ya neman mata, ba ya ɗaga hannu a kan kowa. Abinsa ɗaya ne: son motocin shiga daji. Tsohuwar Land Rover tana bayan gida bisa duwatsu, Hilux tana gareji ana jiran kayan gyara, babura uku suna zaure, ɗaya kaɗai ke tashi. Ga shi kuma ya ji labarin wata Land Cruiser da za a sayar da araha. Tambayar da muke so mu duba tare ita ce: shin wanda ya yi aure yana da ikon ya bi sha'awarsa da kuɗin da ya samu da guminsa, ko kuwa abokiyar zamansa tana da ta cewa?

Bari mu fara da yi wa maigida adalci. Wanda ya san ƙasar Bagudo ya san cewa wannan sha'awa ba daga sama ta faɗo ba. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar, kuma daga Illo zuwa Lolo, daga Kaoje zuwa Tsamiya inda ake ƙetarawa zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, akwai ƙauyukan da damina kan mayar da hanyoyinsu taɓo. A irin wannan wuri motar da ke jan ƙafa huɗu tana da daraja. Ita ce ke fito da shinkafa da albasa daga fadama, ita ce ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare sa'ad da ƙaramar mota ta kafe. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, Toyota ta fito da motar da ta zama Land Cruiser a 1951, Hilux kuwa a 1968. Dukansu suna jure ƙasa mai wuya, shi ya sa suka karɓu a wurinmu. Yaron da ya taso yana ganin irin wannan mota tana ratsa abin da ya gagari sauran, ba abin mamaki ba ne ya girma da ita a zuciyarsa.

Kusancin iyaka ma ya taimaka. Shekaru da yawa motocin da aka yi amfani da su a Turai suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su bi hanyoyin ƙasa su shigo Nijeriya, har sunan garin ya zama sunan irin motar. Samun tsohuwar mota da kayan gyaranta ya zo da sauƙi a garuruwan bakin iyaka. Ban da wannan, kakanninmu ma sun yi kiwon dawaki fiye da bukatar hawa, suna ba su gero alhali ba sa noma da su. Ɗan Adam ba jaki ba ne da zai rayu domin aiki kawai. Yana bukatar abin da zai faranta masa rai, kuma mutumin da ke wuni ƙarƙashin inji yana koyon haƙuri da sana'a ya fi wanda ke wuni a gidan burkutu nesa ba kusa ba.

To, me ya sa uwargida ke kuka? Idan muka saurare ta da kyau za mu ji abubuwa uku. Na farko kuɗi. Mota da ke tsaye ma tana ci: batir ya mutu, taya ta tsage saboda rana, bakanike yana jiran ladansa. Wadda ke tafiya kuwa ta fi ci. Kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Kuɗin da ke cika tankin babbar mota sau ɗaya yana iya sayen littattafan yaro da kayan makarantarsa. Mace da ke auna hatsi da mudu kowace safiya ta san wannan lissafi fiye da kowa.

Na biyu lokaci. Asabar ta tafi wajen neman wani ƙarfe a kasuwa, yammacin Lahadi ya tafi wajen gwajin inji tare da abokai. Yara sun san ƙafafun ubansu da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota fiye da fuskarsa. Na uku, wanda ya fi sauran zafi, shi ne ɓoyo. Sau da yawa matar ba ta jin labarin ciniki sai ta ga an jawo motar da igiya zuwa ƙofar gida, ko ta ji farashin gaskiya a bakin maƙwabta. Wannan ne ya sa wasu matan ke kiran motar kishiya. Kalmar tana ba da dariya, amma akwai gaskiya a cikinta. Mu da muka yi alkawarin mace ɗaya a gaban bagade, ya kamata mu tambayi kanmu ko ba mu shigo da wasu ta ƙofar baya ba, masu cin abinci, masu neman kwana, masu raba zuciya.

Akwai kuma hatsarin da ya shafi mazauna iyaka musamman. Daga 1 ga Janairu, 2017, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a watan Agusta na 2019 kuma ta rufe iyakokin, ba ta fara buɗe wasunsu ba sai a Disamba na 2020. Motar da aka saya da araha saboda ba ta da cikakkun takardun kwastan tana iya salwanta a shinge guda, ta tafi da kuɗin amfanin gona na shekara. Idan haka ta faru, asarar ba a kan maigida kaɗai take sauka ba. Tukunyar gidan gaba ɗaya ce ke ragewa. A nan ne muke ganin raunin maganar nan da ake yawan ji, wai "kuɗina ne, ni na nemo." Wanda zai sha wahalar asara yana da hakkin a ji ta bakinsa kafin a yi kasada.

Mu duba maganar "kuɗina" da kyau. Maigida ya iya fita neman kuɗi ne domin akwai wadda ta ɗebo ruwa, ta dafa abinci, ta yi jinyar yara, sau da yawa ma ta shiga gona ko ta yi sana'ar da ke toshe ƙananan ramuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya shigo gidan aure gumin mutum biyu ne, ko da a aljihu ɗaya ya sauka. Amma wannan ba ya nufin aure ya shafe mutum. Miji bai zama bawan lissafi ba, matar kuma ba a naɗa ta jami'ar kwastan a kansa ba. Gidan da aka kashe wa kowa abin da yake so a cikinsa zai cika da shiru da guna-guni.

Dole kuma mu faɗi wa mata tasu gaskiyar. Tara kaya ba cutar maza ba ce kaɗai. Akwai ɗakin da ke cike da jeren kwanuka da tasoshin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, akwai akwatin atamfa da leshi da ba a ɗinka ba, ana kuma shiga adashi domin a ƙaro. Wadda ke ƙirga baburan mijinta, ta yarda a ƙirga zannuwanta. Mudun da muka auna wa wani, shi ya kamata mu yarda a auna mana.

Ta yaya za a gane sha'awa ta wuce gona da iri? Muna ba da shawarar tambayoyi uku da ma'aurata za su yi wa kansu. Ta farko: an cika rumbu, an biya kuɗin makaranta, an ajiye na magani kafin a sayi wannan abu? Abin sha'awa daga rara ake sayensa. Ta biyu: zan iya faɗa wa abokin zamana ainihin farashin ba tare da na rage ko sisi ba? Duk cinikin da sai an ɓoye shi, zuciya ta riga ta yanke masa hukunci. Ta uku: wannan abu yana amfanar wani ban da ni? Mota ɗaya mai lafiya da ke kai maras lafiya asibiti, ko ta ɗauki 'yan Zumuntar Mata zuwa jana'iza a ƙauye, ta fi huɗu da suka zama akurkin kaji. Wanda ya amsa ukun nan da gaskiya, ya riƙe sha'awarsa da kwanciyar rai, matarsa kuma ta bar shi ya ji daɗinta.

Inda amsar ta gaza, magani yana cikin shawara. Ma'aurata su zauna bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannu, su yanke abin da kowannensu zai kashe a kan abin da ransa ke so. Su amince cewa ba za a kawo sabuwa ba sai an sayar da tsohuwa. Maigida ya koya wa 'ya'yansa, maza da mata, yadda ake duba mai da canza taya, domin sa'o'in da yake yi da inji su zama na iyali. Idan hanya ta bushe, ya ɗauki uwargida a gaban motar ya kai ta ganin danginta. Da wuya mace ta tsani abin da aka ba ta rabo a cikinsa.

'Yan'uwa, kowace mota tana da ranar da za a sayar da ita ga masu gwangwan a auna ta a sikeli. Wadda muka yi wa alkawarin zama tare cikin samu da rashi ita ce za ta riƙe mu ranar da ƙafa ta kasa taka totur. Kafin mu buga hannu a ciniki na gaba, mu fara shiga ɗaki mu tambaya. Allah ya ba gidajenmu salama da fahimtar juna. Amin.