Shin Faci Abin Kunya Ne?

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta kawo mini ƙarar ɗanta. Wandon jins ɗinsa ne ya huje a gwiwa, ta kai wa tela ya sa masa faci, yaron ya rantse ba zai sa ba, wai abokai za su yi masa dariya. Abin mamaki, wandon da yake roƙo a saya masa sabo ne da aka yayyaga da gangan tun daga kamfani. To, 'yar uwa, wanne ne abin kunya a cikin biyun?

Bari mu duba asalin wandon. A shekarar 1873 ne a Amurka wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar kafa 'yan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu, domin kada wandon leburori ya riƙa yagewa. Ke nan tun farko kayan wahala ne, na masu haƙar ma'adinai da manoma, an yi shi ne don ya jure. Launinsa kuma ba baƙonmu ba ne, shuɗin baba ne, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano, sai dai na kamfani yawanci haɗin sinadari ne. Wannan shuɗi bayan zare kawai yake kamawa, cikinsa fari ne, shi ya sa gwiwa da cinya suke fara koɗewa alhali yadin da sauran ƙarfinsa.

Saboda haka wandon da ya koɗe bai mutu ba. Idan gwiwa ta yi laushi, a ɗora ƙyalle mai kauri ta ciki tun kafin ta ɓarke, a bi shi da keke sama da ƙasa da zare mai kama da launin wandon. Idan zif ya lalace a canza shi. Wandon yaya a rage masa ƙugu, a kalmashe ƙafa, ƙani ya samu. Wanda ya yi fari a wanke shi tas, a kai wa marina, ko a tsoma a galura a gida. Kayan aikin maigida bakanike ko birkila ma haka ne. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Amma me ya sa zuciya take ƙyamar faci? Gaskiyar magana, tsoron idon mutane ne. Faci yana tona cewa muna lissafin kuɗi, ita kuwa yagar gayu tana nuna wai mun fi ƙarfin damuwa. Duba yadda abin ya juye: mai neman halak yana ɓoye shaidar guminsa, wanda bai ɗauki ko bulo ɗaya ba yana sayen kamannin wahala da tsada, cinyarsa a waje. Alhali an ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa. Wace ce a cikinmu ta fi shi daraja?

Sai dai kada mu zarce. Tattali daban, rowa daban. Idan Allah ya hore, hana yaro sabuwar tufa ranar Sallah ba tsoron Allah ba ne. Kuma yadin da ya ruɓe, ana ɗinke nan can na ɓarkewa, lokacinsa ya yi, a mai da shi tsumman goge-goge. Haka nan wanda za ki bayar sadaka, ki gyara shi tukuna, kada ki miƙa wa mabuƙaci abin da ke kanki za ki karɓa kina yamutsa fuska.

A ganina abin kunya shi ne datti, da sakaci, da cin bashi don a burge maƙwabta. Faci mai tsafta kuwa shaida ce cewa akwai mace mai lura a gidan. Yaranmu daga fuskarmu suke koyo. In muna miƙa musu wando mai faci muna ba su haƙuri kamar mun yi laifi, su ma za su ɗauke shi laifi.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a abin da ke hannunmu, amin.