Tsakanin Sokawe da Rijiyar Maƙwabci

A watan Agusta, idan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, asirin sokawe yake tonuwa. Ruwan banɗaki ya fara jan ƙafa kafin ya wuce, wari ya riƙa tasowa da magariba, ciyawar da ke kan ramin ta yi kore shar fiye da ta ko'ina a gidan. Mai gida ya san abin da ake ciki. Ya san kuɗin motar zuƙe masai, ya san na tonon sabon rami, ga kuma kuɗin makarantar yara na tafe a Satumba. Sai ya sa a zuba kalanzir don kashe warin, ya ce Allah ya kai mu rani.

A bayan katangarsa kuwa akwai rijiyar maƙwabci, wadda rabin layin ke ɗiba. Mai gidan ba da gangan ya yi ba, bai kuma ga komai ya shiga rijiyar ba. To, yana da alhaki?

Abin da jama'a ke kira sokawe a dunƙule, ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe da siminti, inda ƙazanta mai nauyi ke kwanciya a ƙasa, maiƙo ya taso sama. Ruwan tsakiya ne ke tsallakawa rami na biyu, wanda ba a shafe ba, domin ƙasa ta tsotse shi ta tace. A Amurka, inda ake shimfiɗa bututu masu huji a ƙarƙashin fili maimakon rami na biyun, hukumar kare muhalli na ba da shawarar a kwashe tankin duk shekara 3 zuwa 5. Idan ba a kwashe ba, laka ta cika ta bi ruwan, ta liƙe kofofin ƙasa kamar yadda kunu ke liƙe rariya. Daga nan ruwan sai ya nemi wata hanya: ko ya dawo cikin gida, ko ya ɓullo sama, ko ya bi tsagar bulo ya gangara inda ƙasa ta fi sauƙi.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ma'aunin ruwa a mazhabar Malikiyya: launi, ɗanɗano, ƙanshi. Matuƙar najasa ba ta canja ɗaya daga cikin ukun nan ba, ruwan rijiya yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi, salla ta yi. A nan ne wasu ke fakewa. Ruwa garau, ba wari, ina laifin?

Birnin Landan ya amsa wannan tambaya a 1854. Kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta kashe sama da mutum 600, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya har ya gano kusan duk daga famfon titin Broad suke sha. Aka cire hannun famfon. Daga baya wani malamin coci, Henry Whitehead, ya binciko cewa wata uwa ta wanke tsumman jaririyarta marar lafiya ta zuba ruwan a ramin masan gidansu, wanda tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba, bulonsa kuma ya ruɓe. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ruwan famfon ya yi suna wajen daɗi. Wata gwauruwa a Hampstead, nesa da unguwar, har aike take yi a kawo mata shi saboda ɗanɗanonsa. Ita ma kwalarar ce ta yi ajalinta.

Wannan ba ya rushe hukuncin malamai, domin tambayar da suka amsa daban ce. Babin tsarki yana faɗa wa mutum ko sallarsa ta inganta, an kuma gina shi a kan abin da ido da hanci da harshe ke iya ganewa don kada ibada ta zama ƙunci. Maganar cutarwa tana wani babin, ƙarƙashin hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Akwai kuma hadisin da ya lissafa bahaya a mashayar jama'a cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa. Malaman Malikiyya ba su bar wannan a kan mumbari ba. Ibn al-Rami, magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi guda kan irin waɗannan shari'u, har da na masai da magudanar ruwa da ke ɓata katangar maƙwabci.

Sai dai a yi wa mai gidan adalci. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka fi ambata ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa, tsawonsa gaba ɗaya ke nan, kuma a unguwannin awon igiya na Kano ko Kaduna rabin fuloti ma gida ne. Wanda ya tona rijiya da wanda ya tona sokawe kowa a cikin halaliyarsa ya yi, sau da yawa ba wanda ya tambayi wani. Duba-gari da a dā ke shiga gida-gida, yau da wuya a gan shi. Idan haya ce, mai gida ya ce ɗan haya ne ya cika, ɗan haya ya ce ba shi ya gina ba.

Duk da haka uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da wari ya taso. Mutumin da ya ga alama ya yi shiru ya riga ya zaɓi wanda zai ɗauki asarar, kuma ba kansa ya zaɓa ba. Wanda ke jira sai an kece da ruwan sama da tsakar dare ya buɗe ramin ya saki cikin kwata, shi ba ya ma buƙatar fatawa, zaɓen daren da ya yi ya isa shaida. Ko ba shi da kuɗin gyara a yau, yana da bakin da zai ce wa maƙwabcinsa, "Malam, sokawena ya lalace, a riƙa tafasa ruwan sha kafin in samu hali." Kunya ce kawai kuɗin wannan, amma ita mutane suka fi jin tsadarta.

A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba a rubuta a takardar kowane mamaci ramin gidan wa ne ya yi yoyo ba. Da asuba dai maƙwabcin yana zura guga, ya cika butarsa da ruwa garau, ya cika randar yara, sannan su jera da mai sokawen zuwa masallaci.