Aron Makami Daga Hannun 'Yan Gurguzu

Yau za mu duba wata mas'ala da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa, wato hukuncin neman taimakon wanda ba Musulmi ba a wajen yaƙi, balle wanda aƙidarsa ita ce musun samuwar Ubangiji.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Agusta na 1967, Yaƙin Basasa bai cika wata biyu ba, manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka sauka a filin jirgin sama na Kano, ba nisa da masana'antun Bompai, ɗauke da jiragen yaƙi samfurin MiG. Ingila ta hana gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, Amurka kuma ta ƙi sayar wa kowane ɓangare makami, shi ya sa aka nufi Masko. Abin da aka bayyana wa jama'a shi ne yarjejeniyar al'adu. Rashawa ba su shiga fagen daga ba, matuƙa daga Masar aka kawo. Faransa ma daga baya ta riƙa tura wa Biyafara makamai a ɓoye ta Gabon.

To, me shari'a ta ce? Ko da yake wancan yaƙi ba jihadi ba ne, ma'aunin yana da amfani. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani jarumi mushriki ya bi Manzon Allah (SAW) a hanyar Badar, aka mayar da shi har sai da ya yi imani. Amma a shekara ta 8 bayan Hijira, gab da yaƙin Hunaini, Annabi ya ari sulke wurin Safwan ɗan Umayya alhali bai musulunta ba. Safwan ya tambaya ko ƙwace ne, aka tabbatar masa aro ne da lamuni. Malikiyya kuwa, kamar yadda yake a Muhtasar, sun hana sa mushriki cikin faɗa, sai dai hidima.

Ashe karɓar makamin kansa ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗi. Aron Safwan a fili aka yi shi, kowa ya san abin da aka karɓa da abin da za a mayar. Taimakon ɓoye kuwa farashinsa ma a ɓoye yake. Duk mai masaƙa a Sharaɗa ko majema a Challawa ya san wannan: wanda ya ba ka inji cikin sauƙi, wurinsa za ka koma neman kayan gyara da injiniya, a kan farashin da ya ga dama. A 1979 Rashawa suka sami kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, aikin bai kammala ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Jiragen sama na gwamnati sun saki bama-bamai a kan kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, mata da yara suka mutu, alhali shari'a ta haramta kashe su ko a yaƙin da ya halatta. Wanda ya kawo jirgin zai ce ciniki ya yi, matuƙi zai ce umarni aka ba shi, wanda ya ɗauko su zai ce bai aike su kasuwa ba. Fiƙihu bai karɓi wannan uzuri ba, domin yana tuhumar wanda ya aikata da hannunsa, yana kuma tuhumar wanda ya yi sanadi. Matuƙan Masar ɗin nan kuwa, galibinsu masu salla ne kamar mu.