Sannunku da Aiki, Masu Canza Rariya

Ku da kuke tsaye a bakin magudana tun asuba, da takalmin roba da safar hannu, makanikai da masu walda da masu lantarki da leburori, sannunku da aiki!

A kowace matatar ruwan ƙazanta, har da ta Wupa da ke Abuja, rariyar ƙarfe ce ke tsaron ƙofa. Duk ruwan da ya baro masai da wurin wanka sai ya bi ta cikinta kafin ya kai tankunan tacewa. Ita ke tare ledar fiya wata da tsumma da famfas da gorar roba, manjagarar inji ta kwashe su. Amma ƙarfe ma yana gajiya. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana cin sa, yashi yana goge shi, haƙoran manjagara su lanƙwashe, sarƙa ta saki. Sai tsumma ya wuce ya naɗe fankar injin tura ruwa, inji ya tsaya, ruwa ya koma baya ya malala cikin unguwa, ko ya faɗa kogi ba a tace ba. Can ƙasa kuwa akwai mai ban ruwan alayyafo, akwai yaro da bokiti. Ta nan kwalara da taifot ke shiga gida.

To, wannan ƙofar kuke rufewa. Ranar da kuka karkatar da ruwa zuwa ɗayar magudanar, kuka ɗago tsohuwar rariya tana ɗigar baƙin ruwa, kuka zaunar da sabuwa daidai a mazauninta, kun yi aikin da zai rage wa likita wahala. Rigakafi ya fi magani.

Ku yi shi da kyau, 'yan'uwa. A kashe wuta a sa kwaɗo kafin hannu ya taɓa inji. A gwada iska kafin kowa ya sauka rami, da igiya a ƙugu, da mai tsaro a sama. Kada a bar giɓi tsakanin rariya da bango, domin ta nan shara ke sulalewa. A ɗaure kowane noti, ban da "a lallaɓa haka".

Kada warin wurin ya sa ku sunkuyar da kai. Guminku halal ne, lafiyar gari kuma a hannunku take. Ku gama lafiya, ku koma wa iyalinku lafiya. Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa.