Yaushe Ya Kamata Baƙo Ya Ɗaure Kayansa?

Hausawa su kan ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Su ne kuma su ke cewa, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Duka biyu gaskiya ne, amma ba su gaya wa mutum ranar da zai bi wannan ya ƙyale wancan ba. Wanda ya je birni neman abinci, ya daɗe har ya yi gida da iyali, ta yaya zai gane zamansa ya ƙare?

Labarin Salaga ya isa abin lura. Garin yana ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yanzu, kuma a da can shi ne babbar kasuwar goro. Ayari ya kan taso daga Kano da jakuna, madugu na gaba, a yi watanni bisa hanya da kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Har bayi ana sayarwa a can, abin da ba shi da daɗin faɗi. Amma fa goron nan ba a Salaga ya ke tsira ba. Daga kurmin Asante a ke kawo shi, don sarakunan Asante ba su yarda fatake su shiga kurmin da kansu ba. Watau arzikin garin duka a hannun wasu ya ke.

A 1874 Ingilishi suka ci Asante da yaƙi, suka ƙone Kumasi. Salaga ta fita daga hannun Asante, goro kuwa ya fara bin wata hanya, kasuwarsa ta koma Atebubu da Kintampo. Rijiyoyin Salaga na nan, masallatai na nan, ana ta gaisawa da safe kamar kullum. Sai a 1892 yaƙin sarauta ya tashi tsakanin 'ya'yan sarakunan ƙasar, baƙi suka watse, da yawa suka nufi Kete Krachi. Tsakanin juyawar goro da watsewar gari shekara 18 ne. Wanda ya tashi da wuri ya tafi da dukiyarsa, ya zaɓi inda zai sauka. Wanda ya jira yaƙi, abin da kansa ya iya ɗauka kaɗai ya tsira da shi.

To, a nan ne mai hankali zai tambayi kansa, "Me ya kawo ni garin nan tun farko? Abin yana nan, ko ya tashi ya bar ni?" Tambayar gajeriya ce, amma zuciya ba ta son amsa ta. Mutum ya gina soro, ya saba da maƙwabta, mahauci ya san shi, an binne 'ya'yansa a maƙabartar garin. Sai ya riƙa cewa baɗi za ta fi bana, alhali jarinsa ya ke ci. Ba a banza aka ce sabo turken wawa ba. Ya kan kira zaman nan nasa haƙuri, kuma haƙuri abu ne mai girma. Sai dai haƙurin manomi mai jiran damina dabam ne da na mai jiran ayari a hanyar da aka daina bi.

Ba kullum ne wahala ke tashin mutum ba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja har zuwa Ankara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta sami hanyar fita zuwa teku, sai ya mai da zamansa Kano, ya shiga sayenta. Kafin rasuwarsa a 1955 ba a san wanda ya fi shi dukiya a ƙasar ba. Babu wanda ya kore shi daga inda ya ke. Hanya ya duba, ya ga inda ta karkata.

Amma akwai wani mutum da ba gari ne ya gaza masa ba. Ya yi faɗa da maigidansa a Kano, ya koma Jos, bayan wata shida ya ce mutanen Jos ba su da kirki, ya wuce Ikko. Wannan damuwarsa cikin buhunsa ta ke, duk inda ya sauka da ita zai kwance. Gane shi ba wuya: abokan sana'arsa suna samu, shi kaɗai ke kuka. In kuwa maƙeri da majemi da mai masauki duka suna kuka ɗaya, to, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma wanda ya ga alama sarai, amma tsohuwa na kwance a ɗaki, ba ta iya tafiya, ba ta da kowa sai shi. In ya zauna ya yi hasara saboda ita, babu mai ce masa wawa, don ya san abin da ya saya da hasarar.

Wanda kuwa ya ƙudura tashi, fatake na da sun bar masa al'ada. A kan biya bashi tukuna, a mai da ajiyar mutane, a je wurin mai masauki da rana tsaka a yi sallama, a nemi gafarar maƙwabta, sa'an nan a ɗaura wa jaki kaya.