Gani ya kori ji, amma wane gani?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Na daɗe ina riƙe da wannan magana ba tare da na tuhume ta ba, sai ranar da wani abokina mai ɗaukar hoto ya ajiye mini hotuna biyu na wuri guda: kogin Isa, daga gindin gadar Kennedy a Yamai, da tsakar rana, cikin watan Janairu. A lokacin ne ruwan da ya sauka bisa duwatsun Gine tun da damina yake isowa, bayan ya share watanni yana jan ƙafa cikin fadamun Mali. Kogi ya cika maƙil, alhali sama ko girgije babu. A hoto na farko ruwan ya tsaya cak, kowace igiya da kaifinta kamar fasasshen gilashi. A na biyu ya kwanta lumui, fari, sai ka ce madara aka kwarara tsakanin ginshiƙan gada. Na tambaye shi wanne ne na gaskiya. Ya yi dariya, ya ce ko ɗaya bai yi wa gyara ba.

Ga yadda abin yake. Cikin kamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. A rana mai ƙarfi irin tamu, ko an tsuke kafar hasken, kashi 1 cikin 125 na sakan ya isa. In an bar ƙyauren a buɗe sakan guda, hoton ya ƙone, ya fito fari fat. Don haka mai son ganin tafiyar ruwa sai ya ɗaura wa kamara baƙin gilashi, mai rage haske kusan sau 1000. Da shi, wancan ɗan ƙiftawa ya koma sakan 8. Sai kuma ya girka kamarar bisa ƙafa uku, kamar tukunya bisa murhu, domin ko numfashin mai riƙo na iya ɓata aikin. Cikin sakan 8 ɗin nan duk igiyar da ta wuce tana barin sawunta bisa sawun wadda ta riga ta, har su narke su zama abu ɗaya. Ashe yawan haske ma na hana gani. Mu da ke tsayuwa gaban allo muna zuba wa yara bayani ba hutu, ya kamata wannan ya ɗan taɓa mu, amma wannan wani zance ne daban.

Da farko na ɗauka hoton madarar shi ne na yaudara. Da na ƙara tunani, na ga ɗan'uwansa bai fi shi gaskiya ba: babu ɗan Adam da ya taɓa ganin ɗigon ruwa a rataye cikin iska, kamar yadda babu wanda ya ga kogi ya zama nono. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kamara kuwa mudu ce tsantsa, lokacin da aka auna mata shi take ba da labarinsa. Mai hoto ne ke zaɓar mudun, ba ya kuma gaya wa mai kallo.

Inda abin ya dame ni shi ne gefen hagu na hoton. Akwai masu wanki uku a bakin ruwa. Ƙafafunsu, da ke kafe cikin kogi, sun fito sarai. Hannayen da ke buga tufafi bisa dutse da bayan da ke sunkuyawa yana ɗagowa sun zama hayaƙi. Abokina ya ce har wani mai kwale-kwale ya gifta, na duba ban ga komai ba sai wani ɗan duhu.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton Boulevard du Temple, wani titi mai hada-hada a birnin Paris. Da yake faifansa na bukatar mintoci kafin ya kama haske, kekunan doki da masu tafiya duk suka ɓace, titi ya fito wayam. Wanda ya saura sarai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Shi mai gogen, da ke duƙe yana aiki, da ƙyar ake gane siffarsa. Tun daga farkon sana'ar ke nan, dogon kallo yana adana gini da wanda ake yi wa hidima, yana shafe mai motsi. Kuma a bakin kogi mai motsi shi ne mai neman abin sa wa a baki.

Ban ce a hana wannan salo ba. Mai zane ma yana da ikon barin abin da ya ga dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki irin wannan hoto a matsayin shaida. A watan Satumba na 2020 kogin nan ya karya shingaye ya shiga unguwannin Harobanda, ya rusa gidajen ƙasa, ya kori iyalai zuwa cikin makarantu. Da wani ya kafa ƙafa uku a ranar, ya ɗaura baƙin gilashi, da ruwan da ya ci gidajen ya fito sumul, mai sanyaya zuciya, da masu gudu da kaya a ka ba su fito ba sam. Kuma da an tuhume shi, zai iya rantsuwa bai ƙara ba, bai rage ba, rantsuwarsa kuma ta zauna.

Duk da haka na biyun na roƙa ya wanke mini, don ya fi kyau, ba na musu. Yana rataye a zaurena. Duk baƙon da ya yaba ruwan, sai in ja yatsansa zuwa gefen hagu, inda ƙafafu shida ke tsaye cikin kogi babu masu su.