An Ce An Duba

Yau zancen mota na kawo mana, kuma na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, mu da ko keke ba mu ajiye ba. Ki dai yi haƙuri ki biyo ni, don maganar ta shafi duk wadda ta taɓa sayen abu saboda an ce mata, "Ɗauki kawai, na duba miki."

A Turai da Amurka, kamfanonin motocin alfarma irin su Mercedes-Benz, BMW, Audi, Porsche da Lexus suna da wani tsari na sayar da motocin hannu. Mutum ya hau mota shekara biyu ko uku ya mayar, sai gidan dillancin da ke ɗauke da sunan kamfanin ya karɓa, ya bincike ta, ya gyara abin gyarawa, sannan ya liƙa mata shaidar cewa kamfani ya amince da ita. Lexus ya fara nasa a Amurka a 1993. Porsche kuwa yana tallar cewa abubuwa 111 ake dubawa a jikin mota kafin ta samu wannan shaida, a kuma haɗa wa mai saye da garanti. Shi ya sa kuɗinta ya fi na 'yar uwarta da ke hannun dillalin bakin titi, kuma mutane suna biyan ƙarin da daɗin rai.

To me suke saya da wannan ƙarin? Ai ƙarfen ɗaya ne, injin ɗaya ne. Kwanciyar hankali suke saya. Tun a 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa mai sayarwa ya san aibun motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye kullum a tsorace yake. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Shaidar kamfani maganin wannan tsoro ce. Kamar ana ce maka ne, rufe idonka, mu mun gani a madadinka.

Amma a 'yan shekarun nan masu saye, musamman a Ingila, suna ta kokawa cewa abin ba kamar da ba ne. Wannan ya ce ya tarar da tayoyi sun kusa suɗewa, wancan ya ce ya ga ƙarzuwa an shafe ta da fenti sama-sama, wani kuma bai yi wata guda da motar ba fitilar gargaɗi ta kama. Ga falo mai walƙiya, ga shayi ana kawo maka, ga takarda an cike kowane layi da alamar an duba, amma motar tana faɗin wani zance daban.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin gidajen nan ba na kamfanin ba ne, na 'yan kasuwa ne da aka ba izinin amfani da sunansa. Bakaniken da ke duba motar ma'aikacinsu ne, kuma duk aibun da ya gano kuɗin gyaransa daga ribar maigidansa zai fita. Kin ga ke nan an sa mutum ya yi shaida a kan aljihun mai biyan sa albashi. Sannan bayan annobar korona, a 2021, aka yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa motoci, sababbi suka yi wuya, kowa ya koma kan na hannu. A Amurka, a watan Janairu na 2022, farashinsu ya ɗara na shekarar da ta gabata da kusan kashi 40 cikin ɗari. In masu saye sun yi layi, wa zai tsaya gyaran abin da ko an bar shi haka za a ɗauka? Kuma kada ki ɗauka sabon hali ne: a 2016 hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta tuhumi General Motors da tallar duba abubuwa 172, alhali cikin motocin akwai waɗanda aka yi kiran a mayar da su saboda matsalar da ka iya jawo haɗari, ba a kuma gyara ba. Sulhu aka yi daga baya.

Ga tambayar da ta dame ni: wanda bai furta ƙarya ba, amma ya bar sunansa ya yi masa alkawarin da ya san bai cika ba, ya ci amana ko bai ci ba? Dillali yana da abin faɗa. Zai ce motar hannu ce, ba sabuwa ba. Zai ce dokar Ingila ta yarda da tayar da zanenta bai gaza milimita 1.6 ba, ko da yake sabuwa tana kai wajen 8. Zai ce dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da mota in tana da matsala, to me kuma ake so?

Ni dai a ganina ya ci. Dillalin bakin titi da ya ce, "Ga ta nan, ka zo da bakanikenka," ya bar wa mutum idonsa a buɗe, in ya faɗa rami da sakacinsa a ciki. Shi kuwa babban gida ya karɓi kuɗi ne a kan ka daina dubawa. Wanda ya karɓi wannan kuɗin ba zai fake da iyakar doka ba, don ba doka aka biya ba, maganarsa aka biya. Kyan alkawari cikawa. Abin takaicin kuma, ba rana ɗaya ake yanke shawarar cuta ba. Yau a ce tayar nan za ta kai, gobe a ce wannan ƙarar ba komai ba ce, jibi a cike takarda ba a leƙa ƙarƙashin mota ba. Kowa ya rage kaɗan, babu wanda yake jin ya yi laifi, har a wayi gari suna ya rage, abin da ya gina sunan ya tafi. Waɗanda suka rigaye su ne suka tara yardar mutane shekara da shekaru, su kuma suna cinye ta kamar marainon da ya faɗa wa gado.

'Yar uwa, mu ma fa muna da tamu shaidar. Wadda aka san ta da man gyaɗa zalla, ranar da ta soma surkawa da ɗan wani mai, ba wanda zai ɗanɗana kafin ya saya, don sunanta ya riga ya ɗanɗana musu. Haka dillaliyar da ta ce, "Na san mai kayan." Haka wadda aka zo bincike wurinta kan manemin 'yar maƙwabta, ta ce yaron kirki ne, alhali gaisuwa kaɗai ke haɗa su. In ba ki duba ba, ki ce ban duba ba, wannan ba abin kunya ba ne.

In kuwa maigida ko ɗan uwa zai sayi mota, komai girman gidan da ƙyallin takardarsa, ki tuna masa ya tafi da bakaniken da shi zai biya, don gani ya kori ji. Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya kuma haɗa mu da irinsu, amin.